Diw ɗin Farisa: aljani ne, shaiɗan ne, ko dodo?

Wata ɗaliba ta turo mini hoton wani zanen Farisa. A cikinsa wani jarumi ya danne wata halitta mai ƙaho da wutsiya a cikin kogo, yana farke mata ciki da wuƙa, kuma an rubuta a ƙasa cewa Rustam ne da Farin Diw. Tambayarta ita ce: wannan diw ɗin shi ne aljanin da muka sani, ko shaiɗan ne? Kuma gaskiya ne daga addinin Majusawa ya fito?

Malama, daga addinin Majusawa ya fito, wannan babu ja. Amma halittar da kika gani a zanen ta yi doguwar tafiya kafin ta sami ƙaho da hanta. A tsofaffin waƙoƙin addinin ba ta da siffar dodo ko kaɗan, a rubuce-rubucen malamansu na baya kuwa ko jiki nata na kanta ba ta da shi. Idan kika ce mata aljani za ki ɓata lissafi tun daga tushe, domin mu aljani da asalin halittarsa muke gane shi, wato daga wuta, alhali diw da zaɓin da ya yi ake gane shi.

Majusawa dai su ne mabiya Zaradusht, kuma sunan Majus ya zo sau ɗaya a Alƙur'ani cikin Suratul Hajji. Har yau akwai su a Yazd da Kirman na Iran, da kuma Mumbai da Gujarat na Indiya, inda ake ce musu Farsi. Ba sa son a kira su masu bautar wuta. A wurinsu wuta alƙibla ce, abin bautar kuwa Ahura Mazda ne. (Ana cewa kalmar Maguzawa ta ƙasar Hausa daga Majus ta samo asali, amma suna ne kawai aka ara, addinin Maguzawa ba shi da haɗi da Zaradusht.)

Kalmar diw a harshen Abesta, littafinsu mai tsarki, daewa ce. Abin da ke ba ɗalibai mamaki duk lokacin da na faɗa shi ne, wannan kalma 'yar uwa ce ta jini ga dewa ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wadda a Indiya har gobe take nufin abin bauta, da kuma deus ta Latin. Tushensu ɗaya, yana nuni ga sama da haske. Ke nan kakannin Iraniyawa da na Indiyawa sun taɓa kiran allolinsu da wannan suna, sai a ɓangaren Iran kalmar ta kife. A waƙoƙi 17 da ake danganta wa Zaradusht kansa, waɗanda ake kira Gata, kuma galibin masana harshe ke sanya su tsakanin shekara 1500 da 1000 kafin haihuwar Annabi Isa, daewa alloli ne da wasu mutane ke yi wa yanka, amma waɗanda bai kamata a bauta musu ba. Ɗaya daga cikin waƙoƙin, Yasna 30, ta ba da labarin faɗuwarsu a taƙaice. Akwai ruhi biyu tun farko, ɗaya ya zaɓi gaskiya ɗaya ya zaɓi ƙarya. Da aka zo kan daewa, suna cikin shawara ruɗu ya afka musu, suka zaɓi mummunan tunani, suka ruga wurin Aeshma, wato Fushi, suka shiga cutar da rayuwar ɗan Adam. Shi ke nan. Ba ƙaho, ba kogo.

A nan ne bambancinsu da aljanu ya fito fili. Aljanu a wurinmu al'umma ce kamar mutane, akwai salihai akwai waɗanda ba su ba, kamar yadda Suratul Jinni ta faɗa da bakinsu. Daewa babu nagari a cikinsu, ko guda. Sannan shugabansu, Angra Mainyu, wanda daga baya sunan ya koma Ahriman, ba kamar Iblis ba ne. Iblis halittar Allah ne, ya yi girman kai, ya roƙi jinkiri aka ba shi. Ahriman kuwa, a aƙidar da ta kafu a littattafan Majusawa, ba Ahura Mazda ne ya halicce shi ba. Yana can cikin duhunsa tun fil azal, ya hango haske, ya kawo hari. Wannan ce matsalar da malaman kalam na Musulunci suka fi kama Majusawa da ita, suna kiransu masu asali biyu. Su kuma Majusawan amsarsu ita ce sun tsarkake Ubangiji ne daga halittar sharri.

Cewa daewa sun taɓa zama abin bauta na gaske ba hasashe ba ne kawai. Sarki Zaksis, wanda ya mulki daular Farisa daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar rubutu a kan allon dutse da aka tono a Fasafolis, tsohon birnin sarakunan Farisa, a 1935. A ciki yana alfahari cewa a cikin ƙasashensa akwai inda ake bauta wa daiwa, sai ya rushe ɗakinsu ya yi shela kada a ƙara bauta musu. Bai faɗi sunan ƙasar ba, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kai.

Da aka zo sassan Abesta na baya, sai daewa suka yi yawa kamar fari, kowanne da suna da aiki. Akwai wani littafi sukutum mai babi 22 da ake kira Wendidad, ma'anar sunan kuwa dokar da ke kore daewa. A babi na 10 an jero manyansu, kuma a gaba-gaba akwai Indara, wanda a Indiya shi ne jarumin alloli mai tsawa, da Nanhaitiya, wanda shi ma sunansa ya yi daidai da Nasatiya na Indiya. Abin bautar maƙwabci ya zama abin tsinuwa a nan.

Amma ni a ganina ba manyan ne ke nuna yadda Bamajushe ke ji da daewa ba, ƙananan ne, waɗanda yake karo da su kullum a tsakar gida. Ki ɗauki Nasu. Da zarar rai ya fita, Nasu takan taso daga arewa, domin arewa ce mazaunin daewa, a siffar ƙuda, ta sauka kan gawa. Daga wannan lokacin gawar ta zama mafi ƙazantar abu a duniya, kuma abin mamaki, gawar salihi ta fi ta fasiƙi ƙazanta, tunda sai da mutuwa ta tara runduna mai yawa kafin ta kayar da shi. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar gawa shi kaɗai, kada Nasu ta shige shi. Ana kawo kare ya dubi mamacin, an fi son mai ɗigo biyu a saman idanu wanda suke kira mai ido huɗu, domin kallon kare na korar ta. Ba a binne gawa kada a ɓata ƙasa, ba a ƙone ta kada a ɓata wuta, ba a jefa ta ruwa. Shi ya sa suka gina hasumiyoyin da ake ajiye gawa a sama ungulaye su cinye. Na Yazd an daina amfani da su a ƙarnin da ya wuce, na Mumbai kuwa suna nan, sai dai ungulayen ne suka ƙare. Duk wannan tsari, wanda baƙo ke gani ya yi tsigar jiki, dabarar yaƙi ce da daewa guda ɗaya.

Ga kuma Bushyasta mai dogayen hannaye, wadda ke zuwa da asuba ta lulluɓe mutum ta ce ƙara kwanciya, lokaci bai yi ba. Abokin gabarta zakara ne, tsuntsun mala'ika Sraosha, wanda carar tasa ke cewa a tashi a yi addu'a. Duk wanda ya taɓa kokawa da bargo lokacin hunturu ana kiran sallah ya san Bushyasta ko bai san sunanta ba. Wendidad ya ware babi guda kan aski da yankan farce: idan aka zubar da su barkatai ba a binne da addu'a ba, sai su zama mashi da kibau a hannun daewa. Fari ma daewa ne, sunansa Apaosha, baƙin doki mai sanƙo, wanda ke tare tauraron ruwan sama Tishtriya a bakin teku. Tishtriya farin doki ne. Sun kwana uku suna gwabzawa Apaosha ya yi rinjaye, Tishtriya ya koka cewa mutane ba su ambace shi a ibadarsu ba shi ya sa ƙarfinsa ya gaza. Sai da aka yi masa hadaya ya koma ya kori baƙin dokin, ruwa ya sauka. Ki lura da wannan, ibadar mutane ce ke ƙara wa ɓangaren alheri ƙarfi. Bamajushe ba ɗan kallo ba ne a wannan yaƙi, soja ne. Ko kashe maciji da kunama da kwaɗo lada ne a wurinsa, tunda halittun Ahriman ne, kuma tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa marubucin Girka Hirodotas ya lura da malaman Majusawa na kashe tururuwa da macizai.

Malamansu na zamanin daular Sasaniyawa, wato daular Farisa ta ƙarshe kafin Musulunci, da bayanta, waɗanda suka yi rubutu da harshen Fahlawi, Farisancin wancan zamani, sun kai maganar wani matsayi da nake ganin shi ne mafi zurfi. Sun raba samuwa gida biyu, ta ruhi da ta zahiri. Halittar Ahura Mazda tana da duka biyun. Ahriman da diwansa kuwa ba su da samuwar zahiri tasu ta kansu, sai dai su shiga ta wani su maƙale, kamar kaska a jikin saniya. Littafin Denkard ya ce ana iya fitar da Ahriman daga duniya idan kowane mutum ya kore shi daga jikinsa, domin jikin mutane ne masaukinsa. Marubutan Fahlawi har sunansa sukan rubuta a kife, kai ƙasa. Tun a Abesta ma an ce kafin Zaradusht daewa na yawo a bayan ƙasa da siffar mutane, addu'arsa ce ta kora su suka ɓuya a ƙarƙashi.

To, yanzu zanenki. Ya fito ne daga Shahnama, wato Littafin Sarakuna, wanda Firdausi mutumin Tus ya kammala a 1010 bayan aikin shekara talatin da wani abu, baiti kusan 50,000. Firdausi Musulmi ne, yana rubutu sama da shekara 300 bayan faɗuwar Sasaniyawa, kuma abin da yake nema shi ne labari mai jini a jika. Diw marar jiki ba ya yin abokin kokawa. Saboda haka diwansa suna da runduna, da sarakuna, da garuruwa, ana ɗaure su, ana kashe su. A farkon littafin Baƙin Diw ya kashe Siyamak, ɗan sarkin farko Kayumars, Hushang ɗan Siyamak ya ɗauki fansa.

Sai wani abu da ba ya shiga lissafin Wendidad ko ta ƙaƙa. Sarki Tahmuras, mai laƙabin Maɗaurin Diw, wanda ya ɗaura wa Ahriman sirdi ya hau shi ya zaga duniya, ya ci diwan da yaƙi. Da suka ga mutuwa muraran suka roƙe shi ya bar su da rai su koya masa wani sabon ilimi. Ilimin kuwa rubutu ne, kuma ba iri ɗaya ba, kusan iri talatin, har da na Rumawa da Larabawa da Sin da Fahlawi. Magajinsa Jamshid ya sa su kwaɓa ƙasa su buga tubali su gina masa fadoji da ɗakunan wanka, suka kuma ɗaga gadon sarautarsa zuwa sama, ranar da aka mayar bikin Nauruz, sabuwar shekarar Farisawa. Mai karatu Musulmi zai tuna aljanun Annabi Sulaiman masu gine-gine a Suratu Saba, kuma Farisawan da ma sun daɗe suna cuɗa labarin Jamshid da na Sulaiman. A nan kam diw ya matso kusa da aljani ƙwarai. Amma ki duba nisan da aka yi, daga halittar da ba ta iya komai sai ɓarna zuwa malamin rubutu da magini.

A labarin Zahhak kuwa Firdausi ya kira mai ruɗin da sunan Iblis kai tsaye. Shi ne ya zo a matsayin kuku, ya sumbaci kafaɗun sarki, macizai biyu suka tsiro, sannan ya dawo a matsayin likita ya ce maganinsu ƙwaƙwalwar mutane. A Abesta wannan Zahhak ɗin maciji ne mai kai uku da ido shida. Firdausi ya mayar da shi azzalumin sarki.

Farin Diw ya shigo ne ta dalilin wautar sarki Kai Kawus. Wani diw ya zo fadarsa a rigar mawaƙi, ya rera masa waƙar ƙasar Mazandaran, yadda furanninta ba sa bushewa, iskarta ba zafi ba sanyi. Waƙa ta ratsa sarki, dattawa suka yi ta ba shi baki ya ƙi ji, ya ɗebi runduna ya tafi. Sarkin Mazandaran ya aika wa Farin Diw, shi kuwa da dare ya lulluɓe sansanin da baƙin gajimare, gari ya waye sarki da yawancin mayaƙansa sun makance, aka tsare su. Rustam ya bi gajeriyar hanya mai haɗari domin ya ceto su, ya ƙetare masifu bakwai. Dokinsa Rakhsh ya kashe zaki shi Rustam yana barci, ƙishi ya kusa halaka shi sai wani rago ya kai shi ga ruwa, ya kashe ƙaton maciji, ya zauna cin abinci da wata kyakkyawa wadda da ya ambaci sunan Allah sai fuskarta ta baƙe ta koma mayya. Ya kama wani basarake mai suna Aulad ya sa shi jagora, kuma Aulad ne ya gaya masa sirrin diw, cewa idan rana ta take sukan yi barci. Rustam ya jira tsakar rana, ya shiga kogon mai duhu kamar rijiya, ya tarar da abu kwance kamar tsauni. Duk da sunansa, jikinsa baƙi ne, gashin ne fari. Rustam bai sare shi yana barci ba, ya daka masa tsawa ya tashe shi. Ya datse masa ƙafa, suka kama kokawa har ƙasa ta zama taɓon jini, kowannensu yana faɗa a zuci cewa in ya tsira yau ya tsira har abada. Daga ƙarshe ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya farke shi ya ciro hanta. Jinin hantar aka ɗiga a idon Kawus ya gani. Wannan lokacin ne masu zane suka fi so, har a ƙofar fadar Karim Khan da ke Shiraz an yi shi da tayil. Ƙaho da wutsiya da dabbare-dabbaren jiki da ɗan bante da kike gani, yawancinsu aikin masu zanen ne.

An daɗe ana cewa waɗannan diwan mutane ne, mazauna duwatsu da dazuzzuka da suka ƙi karɓar addinin Zaradusht, aka laƙaba musu sunan allolinsu. Akwai abin da ke goyon bayan haka, domin Abesta kanta tana yawan ambaton daewa na Mazana, sunan da ake alaƙantawa da Mazandaran, kuma a Shahnama suna da sarki da garuruwa da dukiya. A zamanin daular Safawiyawa ta Iran ma an yi babban basarake mai suna Diw Sultan Rumlu, wanda ya riƙe wa Shah Tahmasp mulki yana yaro, alamar cewa kalmar na iya nufin gwarzo. Sai dai ni ban yarda a mayar da wannan mabuɗin kowace ƙofa ba. Ko Mazandaran ta labarin ita ce lardin da ke kudancin tekun Kasfiya a yau, wanda a zamanin Firdausi aka fi sani da Ɗabaristan, mahaifar Imam Ɗabari mai tafsiri, masana ba su daidaita ba. Kuma babu wata ƙabila da ke saukar da makanta daga gajimare.

Firdausi da kansa ya taɓo batun a labarin Akwan Diw. Wani jakin jeji mai launin zinariya ya addabi garken dawakin sarki Kai Khusrau, aka aika Rustam. Kwana uku yana bin sa, duk sanda ya jefa igiya sai dabbar ta ɓace. Gajiya ta kayar da shi ya yi barci, Akwan ya yanko ƙasar da yake kwance a kai ya ɗaga shi sama, ya ce zaɓi, in jefa ka kan dutse ko cikin teku. Rustam ya san diw komai a juye yake yi. Sai ya ce ya ji wani mai hikima na Sin yana cewa wanda ya mutu a ruwa ransa ba ya ganin aljanna, don haka a jefa shi kan dutse. Akwan ya cilla shi teku. Ya yi iyo da hannu ɗaya, takobi a ɗayan yana korar dabbobin ruwa, ya fito, daga baya ya zarge diw ɗin da igiya ya sare kansa. Da ya gama labarin, kamar ya ji masu ilimi na yi masa dariya, sai Firdausi ya ce ka ɗauki diw a matsayin mugun mutum, wanda ba ya gode wa Allah, kuma duk wanda ya bar hanyar mutuntaka a lissafa shi cikin diw. Wasu masana na ganin sunan Akwan kansa gurɓataccen karatu ne na Akoman, wato Mummunan Tunani, ainihin abin da daewa suka zaɓa a waƙar Zaradusht. Can gaba a littafin, waziri Buzurgmihr ya lissafa wa sarki Anushirwan diw goma, kuma babu mai ƙaho a cikinsu: haɗama, buƙata, hassada, fushi, ƙullata, annamimanci, fuska biyu, butulci da sauransu.

Da za a sa ni fassara, kalma ɗaya ba za ta ishe ni ba. Na kogon nan dodo zan ce masa, domin dodo ne na tatsuniya mai jiki da ake iya kashewa. Na Wendidad shaiɗan ya fi kusa, kuma tsofaffin masu fassara Alƙur'ani zuwa Farisanci haka suka yi, sukan sa diw a gurbin shaiɗan, su sa pari a gurbin aljani. Ita ma pari a Abesta muguwar mayaudariya ce, daga baya ta zama kyakkyawar aljana da mawaƙa ke kwatanta masoyiya da ita. Na Gata kuwa gara a bar su da sunansu a yi bayani.

Kalmar tana nan da rai a bakin Farisawa. Mahaukaci diwana suke ce masa, wanda diw ya taɓa, kamar yadda majnun ya fito daga jinn, mu kuma mu ce mai taɓin iska. Ibn Khaldun ma ya kawo wata ruwaya cewa wani Kisra, wato sarkin Farisa, ya leƙa ma'aikatan baitulmalinsa ya ga kowa na lissafi yana magana shi kaɗai, sai ya ce diwana, daga nan aka sa wa ofishin suna diwan, kalmar da ta iso mana a matsayin diwanin waƙoƙi. Masana harshe na yau ba su karɓi wannan ruwaya ba, suna danganta diwan ga tsohuwar kalmar Farisa ta rubutu.